Amada Ma Sana'a Ce

Masu saurare, tun kafin Spice Girls su ɓullo a Ingila, matan Hausa suna da ƙungiyoyin waƙa na mata zalla, kuma da su suke ci da sha. Ku tambayi iyayenmu mata a Ƙaraye da Rogo. Ranar biki ko suna, sai a kifa ƙwarya cikin ruwa, 'yan amada su kama kiɗa, 'yan amshi su ɗauka, liƙi ya yi ta zuba.

Daga Funtuwa, nan maƙwabtanmu, mawaƙiyar amada Barmani Choge ta fito, sunanta ya game ƙasar Hausa kafin rasuwarta a 2013. Yau kuwa mai sifika ya ƙwace fagen, ya kunna waya ya karɓi kuɗi. Uwar biki, in kin tashi, ki nemo 'yan amada, ki biya su da kyau.