Allurar Shawara: Aikin Da Ke Wuyan Shugabannin Sabo Da Zango

 

An ce in yi magana a kan allurar rigakafin shawara da yadda za a tara jama'a su karɓe ta. To, sai mu fara da gyara wani kuskure. Mu a gida duk wanda idonsa ya yi ɗorawa sai mu ce shawara ce, a jiƙa masa saiwa ya sha. Amma ciwon hanta iri-iri yana sa ido ya yi haka, zazzaɓin cizon sauro ma yakan sa. Shawarar da likitoci ke nufi dabam take. Ƙwayar cuta ce da wani sauro mai zanen fari a ƙafafu ke ɗaukowa daga jikin biri ko mutum ya kai wa wani. Da rana yake cizo, saboda haka gidan sauro kaɗai ba ya tsare mutum daga gare shi. Kuma ba a kwata yake ƙwai ba, a randa yake yi, da duro, da gwangwani, da tsohuwar taya da ruwan sama ya kwanta a ciki. 'Yan ga-ruwa da ke cikinmu, ku riƙe wannan.

Bayan cizon da kwana 3 zuwa 6 sai zazzaɓi ya taso da ciwon kai da ciwon baya da amai. Yawancin mutane sukan warware cikin kwana 3 ko 4. Amma akwai kaɗan da ciwon kan yi musu kamar ya tafi, sa'an nan ya komo da ƙarfi, ido ya yi ɗorawa, jini ya riƙa fita ta baki da hanci. Cikin waɗannan, kusan rabi sukan rasu a kwana 7 zuwa 10. Har yanzu babu maganin da ke kashe ƙwayar, sai dai a yi jinyar majinyaci a asibiti.

Wannan ƙasa ta san cutar sarai. A Yaba ta Ikko masana suka kafa wurin bincikenta a 1925, ɗaya daga cikinsu ma, Adrian Stokes, ita ta kashe shi a can a 1927. A shekarar ne aka ware ƙwayar daga jinin wani mutumin ƙasar Gana mai suna Asibi, daga ita kuwa Max Theiler ya samo allurar a 1937. Watau allurar nan ta girmi mafi yawan dattawan da ke zaune a nan. Annoba ta auku a Filato a 1969, ta kashe dubban mutane a wajen Oju ta jihar Binuwai a 1986, ta shiga Ogbomosho da wasu garuruwan Oyo a 1987. Ta sake ɓullowa a jihar Kwara a 2017, sa'an nan Edo a 2018, Bauchi a 2019, Delta da Enugu a 2020. Ku duba sunayen nan da kyau, ai hanyoyinmu ne na goro da shanu da albasa.

Ga inda damuwata take. Idan hukuma ta shirya gangamin allura, da lissafin mazauna unguwa take aiki. Baƙo kuwa sau da yawa ba ya cikin lissafi. Ana shela da Yarbanci ko Ibo ko Turanci, motar shela ta wuce Sabo ba wanda ya ji abin da ta ce. Masu allura su zauna a asibitin unguwa daga hantsi zuwa azahar, daidai lokacin da ɗan dako yake Mile 12, mai gadi yana barcin gajiyar dare, mahauci yana kwata. Ɗan ci-rani kuma ya bar gida kafin a yi a garinsu, ya iso nan an riga an gama. Sai ya tashi a tutar babu, ba can, ba nan.

Saboda haka aikin mai tara jama'a yana farawa tun kafin allura ta iso. Sarkin Hausawa ya aika wakili ofishin lafiya na ƙaramar hukuma ya ce ga yawan mutanenmu, ga inda suke kwana, a ba mu rana da wuri. A roƙa a kafa tebur a ƙofar masallaci bayan Juma'a, da kara, da tashar mota. Wannan ba son jiki ba ne: kwalba ɗaya ta mutane da yawa ce, in an haɗa ta da ruwanta kuwa, bayan awa 6 zubar da ita ake yi. In jama'a sun zo a tare, ba a yi asara ba.

Sa'an nan a zaɓi bakin da ake ji. Liman ya faɗa a masallaci, sarkin pawa ya faɗa wa mahauta, shugaban tasha ya faɗa wa direbobi da 'yan kamasho. Matan da ke cikin gida kuwa, ungozoma da malamar Islamiyya su ne hanyarsu, a kuma nemi mace ma'aikaciya ta shiga ta yi musu. Takardar da aka manna a bango ba ta amsa tambaya, mutum ne ke amsawa.

Tambayoyi kuwa za su zo, kada ku yi fushi da su. Wanda ya tuna gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, ko rigimar allurar shan-inna ta 2003, yana da dalilin tambaya. Ku gaya masa gaskiya. Allurar nan ba gwaji ba ce, ita ce Saudiyya ke neman shaidarta wurin alhazanmu. Sau ɗaya ake yi, ta fara tsaro bayan kwana 10, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar a 2013 cewa ɗayan nan ta isa har ƙarshen rai. Ku faɗa masa tun da wuri cewa hannu yana iya tsami, jiki ya ɗan yi zafi kwana biyu, domin in ya ji hakan ba da gargaɗi ba, shi ne zai zama mai hana wasu. Ku kuma faɗa cewa akwai waɗanda ba a yi wa kai tsaye: jinjirin da bai kai wata 9 ba, mace mai ciki, wanda cin ƙwai ke tayar masa da ciwo mai tsanani, da wanda wata cuta ta raunana garkuwar jikinsa. Waɗannan ma'aikacin lafiya ne zai yanke hukunci a kansu, ba mai shela ba.

Iyaye mata, yaro in ya cika wata 9 ana yi masa ita tare da ta ƙyanda a asibitin gwamnati, ba sai an jira gangami ba. Duk wanda aka yi wa kuma ya karɓi katinsa ya adana inda ruwa ba zai taɓa shi ba, ya tafi da shi in zai koma gida.

Kafin a tashi, ina roƙon kowane shugaban ƙungiya ya ba magatakardan Sarki sunan mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su raka masu allura ranar aiki.