Surukinmu Na Maraɗi Da Sashe Na 26: Jawabi A Ƙofar Durbi

 

A Katsina da wuya ka shiga unguwa ka rasa gidan da ya haɗa aure da Maraɗi. Har gobe sarkin can Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiransa. To amma doka ba haka take kallon lamarin ba.

Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar neman rajistar zama 'yar ƙasa. Amma idan 'yarka ce ta auri Bamaraɗe, mijin ba shi da wannan ƙofa. Sai dai ya bi sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara 15. 'Ya'yansu dai 'yan Najeriya ne ta wajen uwa, uban kuwa baƙo ne a gidansa.

Da can ba mu damu ba, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu shige da fice babu biza. Sai ga juyin mulkin Yulin 2023, aka rufe iyakar Jibiya har zuwa Maris 2024, miji na can, mata da yara na nan. A ranar 29 ga Janairu, 2025, Nijar ta fice daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da zirga-zirga har zuwa wani lokaci. Jama'a, wannan rance ne, kuma mai rance yakan zo karɓar kayansa. Ranar da aka janye, surukin nan zai koma neman takardar zama kamar kowane baƙo.

Nijar ta gyara tata dokar tun 2014, mace na iya ba mijinta ɗan ƙasar waje 'yancin zama ɗan ƙasa. Mu kuwa a ranar 1 ga Maris, 2022, Majalisar Tarayya ta yi watsi da irin wannan ƙudiri.

Na san wasu za su ce tsaro. Gaskiya ne, a tantance kowa. Amma ai mace baƙuwa ma tantance ta ake yi kafin rajista, me zai hana a yi wa namiji haka?

Gyaran na buƙatar kashi biyu bisa uku a majalisun biyu, da amincewar majalisun jihohi 24. Don haka duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi matsayinsa kan sashe na 26 kafin ya tashi daga tabarma.

Allah ya zaunar mana da gidajenmu lafiya.