Kuɗin Baƙi da Gadon Zanzibar

Duk mai tallar Zanzibar farin rairayin Nungwi yake fara nunawa. Rairayi kuwa akwai shi a tsibirai da dama. Abin da Zanzibar ta fi su da shi yana cikin lungunan Stone Town, tsohon birnin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2000, da dajin Jozani mai jajayen biran da ba a samunsu sai a tsibiran Zanzibar, da gonakin kanumfarin Pemba. Don haka kaso mai tsoka na kuɗin baƙi can ya kamata ya koma. Ga dalili: a Disambar 2020 wani ɓangare na Beit al-Ajaib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, ya rufta bayan shekaru yana lalacewa, abin takaici ƙwarai.

Wani zai ce ai otal-otal ɗin bakin teku ne ke ba matasa aiki, kuma gaskiyarsa. Sai dai otal ɗin da ya zuƙe ruwan rijiyoyin ƙauye, ko ya tare wa masunta hanya, ya karɓe da hagu abin da ya bayar da dama. Baƙon da ya shiga gari kallon ƙofofi masu sassaƙa kuwa, kuɗinsa hannun ɗan jagora da mai kayan ƙamshi yake faɗawa kai tsaye.