Mudun da ake auna dimokuraɗiyya da shi

Yau kan mudu nake so mu yi magana, wato abin da ake auna dimokuraɗiyya da shi.

Ku tuna shekarar 2021. Ranar 8 ga Maris aka sanar da Mahamadou Issoufou ya samu kyautar Mo Ibrahim ta shugabanci nagari. Ranar 2 ga Afrilu ya miƙa wa Bazoum mulki, karo na farko da zaɓaɓɓe ya miƙa wa zaɓaɓɓe a Nijar. Duniya ta tafa mana, kuma ni ban raina wannan ba.

To amma tsakanin ranakun nan biyu, ranar 15 ga Maris, an kashe mutum 58 a yankin Banibangu, maƙwabtan Abala, da yawansu suna kan hanyar dawowa daga kasuwa. A lokacin Abala tana cikin dokar ta-ɓaci tun 2017, an kuma hana hawan moto tun farkon 2020. Ku da kuke Yamai, kabu-kabu ne kawai a wurinku. A Kurfai kuwa, moto ce ke kai mai naƙuda likita, ita ke kai awaki kasuwa.

Masu awo sun ƙirga ƙuri'u, sun duba wa'adi, sun ba mu maki. Wa ya tambayi Bakurfe ko an shawarce shi kafin a ɗaure masa ƙafa? Kuma kar wani ya ce maganata yabon soja ce. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun da muka zaɓa, aka naɗa mana kantomomi, nan ma ba wanda ya tambaye shi.