Kafin ku sa robar miƙe haƙora

Ƴan uwa matasa, kun ga tallar robar nan garai-garai ta miƙe haƙora a salula? Ba kayan kwalliya ba ce fa. Tura haƙori take cikin ƙashi, awa 20 zuwa 22 kullum. In dasashi na da ciwo, haƙorin na iya yin girgiɗi har ya fita. Shi ya sa likitan haƙori ke fara dubawa, ya ɗauki hoton radiyo, ya riƙa bibiya. A Amurka, kamfanin SmileDirectClub mai aika ta har gida ya rufe a Disamba 2023, ya bar mutane tsakiyar magani. Kafin ku biya, ku tambaya: wane likita zai duba bakina, ina zan same shi in ta ɓaci?