Rikici a Ƙofar Urjans

Jama'a masu saurare, na cikin garin Diffa da na bakin Komadugu, tun daga Shetimari da Geskeru har Bosso da Tumur, yau a ƙofar urjans za mu tsaya, sashen da ake kai wanda ciwo ya taso wa gadan-gadan, mu yi zancen zagi da duka da ma'aikatan lafiya ke sha a wurin.

Wata damina, a wani asibiti da ba zan faɗi sunansa ba, na ga wani magidanci ya shigo da dare, ɗansa saɓe a kafaɗa, jikin yaron zafi rau, ƙafafun uban duk taɓon fadama. Tun la'asar suke hanya. Infirmiye, wato ma'aikaciyar jinya, ɗaya ce tak a ɗakin. Ta taɓa goshin yaron, ta buɗe idonsa ta duba, ta nuna masu benci. Ba a jima ba aka shigo da wata yarinya tana jijjiga, sai aka wuce da ita ciki kai tsaye. Magidanci ya miƙe: "Mu da muka riga zuwa fa? Don ba mu san kowa ba?" Ya cakumi rigar infirmiyar. Mai gadi ya shiga tsakani, aka yi ta cacar baki, kuma duk tsawon wannan lokaci robar ƙarin ruwan yarinyar tana ajiye bisa tebur, ba wanda ya ɗaura mata.

Masu saurare, urjans ba layin famfo ba ne, ba a bin wanda ya riga zuwa. Tantancewa ake yi. Wanda numfashinsa ke sarƙewa, ko jini ke zuba, ko ya suma, ko yana jijjiga, shi ne kan gaba ko da yanzu ya sauka daga mota. Wasu asibitoci har launi suke sa wa: ja, ɗorawa, tsanwa. In an ce ka zauna a benci, sau da yawa albishir ne, an ga naka zai iya jira. To amma wa ya taɓa gaya wa wannan bawan Allah haka? Da infirmiyar ta ce masa, "Baba, na ga ɗanka, zazzaɓi ne, ina zuwa, waccan ce ba ta iya jira," da wuya hannunsa ya kai rigarta. A ganina, yawancin faɗan urjans daga shirun nan yake tasowa.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya na fuskantar duka ko makamancinsa a wani lokaci na aikinsu. Sai dai namu na da ƙarin nauyi. Tun harin 6 ga Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur shekara da shekaru, kabu-kabun da ke kai mara lafiya cibiyar lafiya ta CSI ya tsaya, wasu CSI na ƙauyuka ma suka rufe. Mutum kan iso a makare, a gajiye, zuciya a wuya. Ga kuma zancen kyauta: tun 2006 aka ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, amma in kuɗin gwamnati ya yi jinkiri, magani ya ƙare, sai a miƙo maka ordonans ka tafi farmasi. Wanda ya miƙo takardar shi ke shan zagin, alhali ba shi ya ci kuɗin ba.

Mun kuma san abin da ke biyo baya in ma'aikaci ya ji tsoro. A watan Afrilun 2019 'yan bindiga sun afka wa ofishin ƙungiyar likitoci ta MSF a Maine-Soroa, suka ƙona motoci, kuma cikin shekarar ƙungiyar ta tattara ta bar garin. Wa ya yi asara? Mata masu ciki da yara. Mari ba bindiga ba ne, amma hanyarsu ɗaya: infirmiyar da aka mara yau, gobe takardar neman canjin wuri za ta rubuta, kuma samun wanda zai yarda ya zo Diffa ya maye gurbinta ba abu ne mai sauƙi ba.

Ku ma ma'aikata, kada ku ce na goyi bayanku ido rufe. Binciken da masanan cibiyar LASDEL ta Yamai suka yi ya daɗe da nuna yadda ake yi wa talaka tsawa a asibiti, a shigar da ɗan gida ta bayan fage. Wanda ya taɓa ganin haka, ranar da kuka tantance tsakani da Allah ma ba zai yarda ba. Ga tsohuwar da ba ta jin Faransanci, ba ta jin Hausa, sai Barbarci ko Fulatanci ko Tubanci. A nemo mai fassara, ko cikin masu jinya ne.

Shugabannin asibiti, a buɗe rajista, duk wanda aka zaga ko aka taɓa a rubuta, a daina cewa "yi haƙuri, aikin ne ya gaji haka." A sa fitila a ƙofa, kada a bar mace ɗaya ita kaɗai tana gadin dare. Makami kuwa, wuƙa ce ko bindiga, a waje zai tsaya, ko mai kaki ne ya rako nasa.

Mu kuma 'yan rakiya, mutum ɗaya ya isa ya shiga da mara lafiya, sauran dangi su jira a inuwa. In an yi maka ba daidai ba, ga manjo shugaban ma'aikatan jinya, ga kwamitin COGES mai kula da asibitin, kai kukanka can da safe. Don Allah, ranar da ka kai naka urjans aka wuce da wani gabanka, tambayi dalili da baki, ka bar hannunka a aljihu.