Filin Tafsiri a Talabijin da Makomarsa



Batun da za a tattauna shi ne shirye-shiryen addini waɗanda suka daɗe a gidajen talabijin, da abin da yakan same su idan aka sake tsarin lokaci. Ya kamata a soma da Gummi, domin kuwa malamin da ya fi kowa saba wa mutanen Arewa da sauraron tafsiri daga akwati ɗan garin ne, watau Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. A shekarar ce kuma aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Daga 1967 gidan rediyon ya riƙa watsa karatun da yake yi a Masallacin Sultan Bello, har ya zamana manomi a Bukkuyum da ma'aikacin En'e a Anka suna jin fassarar aya guda a sa'a guda. A ƙarshen shekarun 1970 malaman ɗariƙu suka nemi nasu rabon, aka ba su, daga baya filin ya zauna a hannun Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi. Tun a wancan zamani ke nan aka gane cewa wanda ya riƙe lokaci shi ya riƙe masu sauraro.

Talabijin ya gaji wannan al'ada ne daga rediyo. Dokar soja mai lamba 24 ta 1977 ta haɗa gidajen talabijin na ƙasar nan a ƙarƙashin hukuma guda, wadda ake kira NTA. A lokacin gidan talabijin yakan buɗe da la'asar ya rufe da tsakar dare, kuma hukuma ce take biyan kuɗin kome. Malami ba ya sayen fili. Gayyatarsa ake yi. Gaskiya ne a yammacin Zamfara, wanda yake cikin Jihar Sakkwato har zuwa 1996, akwatunan talabijin kaɗan ne, wutar lantarki kuwa sai wanda ya gani. Amma ƙarancin nan shi ya sa kallon ya zama na taro. Mai akwati yakan fito da shi ƙofar gida bayan sallar asham, a shimfiɗa tabarmi, dattawa a gaba yara a baya, idan an tashi kuma a tsaya ana maimaita abin da malam ya ce.

Abin ya soma sakewa da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. A 1988 gwamnati ta sa NTA cikin hukumomin da za su riƙa neman wani kashi na kuɗin shigarsu da kansu, sa'an nan doka mai lamba 38 ta 1992 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin, ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. A watan Satumba na shekarar ne Sheikh Gumi ya rasu a Landan. Daga nan sa'a ta zama haja, kowace da farashinta. Sa'ar da ta fi tsada kuwa ita ce tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare, watau daidai lokacin da magidanci yake gida. Ga kuma labaran ƙasa na ƙarfe tara, waɗanda tilas tashoshin NTA su haɗa da su. Sai ya zamana tafsirin da ba shi da mai ɗaukar nauyi ana matsar da shi zuwa sha ɗaya na dare ko hantsi. Ba a cika soke irin wannan shiri ba, domin babu manajan da yake so a ce shi ya kashe tafsiri. Matsar da shi ake yi, masu kallo su ragu, sa'an nan a kafa hujja da raguwar tasu. Wannan dabara ba a nan kaɗai take ba: a Ingila gidan BBC yana da shirin waƙoƙin coci tun 1961, bai soke shi ba, amma ya ɗauke shi daga yammacin Lahadi ya mai da shi tsakar rana.

An kuma taɓa yin ƙa'idar hukumar da ta ce kada shirye-shiryen addini su wuce kashi 10 cikin ɗari na lokacin tasha a mako. Bisa wannan ƙa'ida, tashar da take aiki awa 8 a rana rabonta bai kai awa 6 a mako ba, alhali mai aiki dare da rana tana da kusan awa 17. A takarda fili ya ƙaru ke nan, sai dai awa 17 da aka watsa cikin talatainin dare ba ta kai awa guda bayan isha'i ba. Daɗin daɗawa, idan mai kuɗi ne yake sayen filin, shi ne zai zaɓi malamin, kuma a shekarar zaɓe kowa ya san irin masu kuɗin da suke tunawa da tafsiri.

Wani zai ce ai magana ta ƙare, tun da ga tashoshin tauraron ɗan'adam irin su Sunnah TV da Manara TV, ga kuma wayar hannu. Lalle saurayi a Gummi yana iya zuwa wurin mai cajin waya a zuba masa karatun Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a 2007, ya saurara a gona. Wannan alheri ne babba. Amma kowa malamin ɓangarensa yake zaɓa, alhali tashar hukuma takan sa ɗan Izala ya ji ɗan ɗariƙa ko da bai so ba. Sa'an nan wayar ma ba ta da tabbas: a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, makonni suka shuɗe ba mai samun intanet, amma rediyo da talabijin ba su daina magana ba. A garuruwan da tsoro ya hana fita masallaci da dare, da kuma wajen mutanen ƙauyuka da suka yi gudun hijira zuwa Anka, akwatin nan shi ne majalisin da ya rage.

Abin da yake hannun ma'aikatan watsa labarai bai fi ƙarfinsu ba. Tashar da ake riƙewa da kuɗin jama'a tana iya ware awa guda bayan isha'i a watan azumi, a rubuta cewa ba ta sayarwa ba ce, a raba ta tsakanin malamai da adalci, kuma kada a taɓa ta sai da sanarwa tun kafin watan Sha'aban. Akwai kuma batun kaset. A zamanin da kaset yake da tsada, gidajen talabijin sukan goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kansa, waɗanda suka tsira kuwa zafi da ƙura suna cin su. Ɗaliban jami'a suna iya bin gidajen nan na Kaduna, Sakkwato da Gusau su ƙidaya abin da ya rage, su rubuta sunan malami da shekara da surar da aka karanta, a kwafe shi a kwamfuta tun na'urorin da suke iya juya irin wannan kaset ba su gama mutuwa ba.